Zato Zunubi Ne, Ko da Ya Zama Gaskiya

Littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. A majalisarmu ta nan GRA na ji an yanke masa hukunci da magana ɗaya, wai "littafin tsohuwar banza ne". Da na tambayi wanda ya karanta, sai kowa ya yi tsit. To, ai cutar da littafin ke magana a kai ke nan.

Hajiya Binta, mai shekara 55, ta rasa mijinta a rikicin Jos. Ɗanta na fari, Yaro, 'yan sanda suka kashe shi, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Sai ta faɗa tarayyar da ba ta halatta ba da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, wanda uwarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami. Marubucin bai wanke su ba. Amma ku dubi wanda ya kwarmata zancen: Malam Haruna, mai neman aurenta, wanda kishi ke ci. Abin da ya gani gaskiya ne, sai dai da zancen ya zaga gari, Binta ta tashi daga uwa mai ciwon rashi ta koma kalma guda a bakin mutane. Nan littafin ya fi ƙarfi. Inda ya yi rauni, a ganina, shi ne labarin 'yan siyasa da satar mutum, wanda ya janye hankali daga wannan darasi.

Mu a Maiduguri ba baƙon abu ba ne. Rahoton UNICEF da International Alert na 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram "annoba", ana gudun 'ya'yansu. Binta ko ba komai ta yi laifi. Waɗannan fa? Sace su aka yi, muka ƙara musu da bakinmu.

Katangun unguwarmu dogaye ne, amma "an ce" na tsallaka su kullum. Gobe in an kawo maka labarin maƙwabciya ko mai aikin gidanka, tambayi mai kawowa: ka gani da idonka? Kuma me za ka samu in na yarda?