Linzami ya fi ɓera

A 'yan shekarun nan masu koyar da kwamfuta sun fara raɗa wa kayanta sunayen Hausa, kuma ina murna da hakan. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, yaron da bai taɓa zama gaban na'ura ba dole ya zauna, gara kuwa ya ji bayanin farko da harshen da ya sha a nono.

Inda nake da ja shi ne masu fassara sunan abu su bar aikinsa. Ga ɗan abin nan da ake riƙewa ana juya kibiya a fuskar kwamfuta. Turawa suna ce masa maus, wato ɓera, don wayarsa ta yi kama da wutsiya. Na farkon ma da Douglas Engelbart da abokan aikinsa suka ƙera a Amurka a shekarun 1960 na katako ne. To, malamin da ya ce wa ɗaliba "kama ɓeranki", me ya koya mata? Wanda ya ce linzami kuwa ya gama rabin darasi, domin kowa ya san inda ka ja linzami nan doki zai nufa.

Ranar da nake koya wa 'yar yayata, ɗaga shi ta yi sama tana kaɗawa, kibiya ta ƙi motsi. Na ce, "'Yata, ajiye shi a kan tebur, ki ja shi kamar linzami." Ta ja dama, kibiya ta bi ta. Ba ta sake tambaya ba.

Haka na yi mata da ma'adana. Na ce hadis, wato hard disk, rumbu ne, abin da kika zuba yana nan ko an ɗauke wuta. RAM kuwa faifai ne a cinya, abin da kike tsincewa yanzu kaɗai yake ɗauka, wuta na ɗaukewa ya kife. Daga nan ta gane dalilin adana rubutu tun kafin a gama shi.

Kalmomin da baki ya riga ya karɓa, irin su kwamfuta da fayil, a ƙyale su. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma tsorata sabon shiga take yi, ya ɗauka abin ya fi shi wayo, har hannunsa ya riƙa rawa kafin ya danna maɓalli ɗaya.