Donovan a Cikin Masai: Baƙon da Ya Iya Zama, Bai Iya Daɗewa Ba

Littafin Vincent Donovan mai suna Christianity Rediscovered ya fito a 1978, har yanzu kuwa muna ba ɗalibanmu shi su karanta. Donovan limamin Katolika ne daga Amurka, ya yi aiki a cikin Masai, makiyayan arewacin Tanzaniya. A 1966 ya rubuta wa bishop ɗinsa cewa yana so ya bar harkar makaranta da asibitin mishan, ya tafi rugagen Masai hannu wofi, ya yi magana da su a kan Allah kawai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ya shiga. Ya fara neman izinin dattawa. Ya kan zo da sassafe kafin a kora shanu, lokacin da ya dace da masu gida, ba da shi ba. Ya yarda kuma a yi masa gyara. Da lokacin baftisma ya zo, ya so ya tsame waɗanda yake gani sun cancanta, ya bar sauran. Wani dattijo mai suna Ndangoya ya hana shi, ya nuna masa cewa su a jama'ance suke ba da gaskiya, mai ƙarfi yana ɗauke da rarrauna. Donovan ya sauko. Wata jama'a kuma ta saurare shi har ƙarshe, ta ƙi saƙon. Ya yi ban kwana ya tafi, bai yi barazana ba, bai yi ciniki da magani ba. Fastoci nawa ne a cikinmu za su iya haɗiye wannan? Mun san masu bishara da aka tura cikin Fulani, ba su taɓa zama a tabarmar arɗo sun sha nono ba, sai lasifika daga nesa.

Amma ba za mu karɓi littafin dungum ba. Donovan ya yi sha'awar al'adar Masai har ya zana ta kamar abin da ba ya canzawa. Ilimi da asibiti da ya ɗauka tarko ne, masu gida fa suna da hakkin su so su, musamman da filayen kiwonsu suke ta raguwa. Baƙon da ya yanke wa mai gida abin da bai kamata ya so ba, ko da niyyar kirki ce, ya fara zama mai gida ke nan. Ga kuma batun mata. Muryar dattawa maza ce ta cika littafin, alhali binciken Dorothy Hodgson na 2005 ya nuna mata ne suka fi cika ikkilisiyoyin Masai daga baya.

Sai tafiyarsa. Ya bi ra'ayin Roland Allen cewa mai bishara ya shuka, ya bar ikkilisiya a hannun Ruhu Mai Tsarki kamar yadda Bulus ya yi. Gaskiya ne baƙo raɓa ne. Sai dai Bulus ya riƙa komawa, ya rubuta wasiƙu, ya aiki Timoti da Titus. Donovan ya koma Amurka a 1973, shugabannin da ya bari kuwa ba su riga sun kafu ba. A ganinmu wannan gefen ne ya kamata ɗalibi ya karanta da fensir a hannu, yana kwatanta shi da Ayyukan Manzanni sura 14 da sura 20.