Jinjina ga Makanikan Tsohuwar Fijo

Makanikin da ya goge a kan Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba ya sallamar mota don kawai ya sa mata sabon gasket. Sai ya ce wa mai ita, "Alhaji, in ta ci kilomita dubu ka dawo mini da ita."

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Kan injin alminiyam ne, gangar jikin kuwa baƙin ƙarfe, kowanne da yadda yake buɗewa in ya sha zafi. Gasket ɗin sai ya kwanta, ƙusoshi su saki. Daga nan ruwan lagireto ya sami hanya, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

In motar ta dawo, ka tsaya ka kalli Oga makaniki da sassafe, injin ya kwana ya huce. Daga ƙusoshin tsakiya yake farawa, yana fita gefe-gefe. Ƙusa ɗaya zai ɗan sassauta, ya sake ɗaure ta da sufana mai awo, sannan ya taɓa ta gaba. Yaran gareji dai hannunsu na ƙaiƙayi, amma wannan aikin ba a ba su. In ya gama, ya sake saita bawul, don ɗaurin ya canza musu tazara.

Allah ya yi wa hannun nan albarka. Sau da yawa ma ko kuɗin wannan dawowar ba ya karɓa.