Iskokin Lugu da Tokar Konni: Nazari a Kan Sarraounia

Littafin Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda aka buga da Faransanci a Paris a shekarar 1980, ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi. Ya ɗauko yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, inda Sarauniya Mangu da Aznanta suka tari rundunar Voulet da Chanoine. Mai karatu na Adar, daga Badagishiri zuwa Illela, ba baƙo ba ne ga wannan labari, domin rundunar nan ce ta ƙone Birnin Konni a watan Mayu na wannan shekara, ta karkashe mutanensa.

Abu na farko da ke kama mai karatu shi ne yadda marubucin ya juya tsoro. Masu bindiga da igwa, waɗanda suka saba firgita ƙauyuka, su ne suka koma kwana da fargaba. Duhun daji, layu, sautin dare da jita-jitar cewa Sarauniya na rikiɗa, duk sun taru sun cinye zukatan sojojin haya tun kafin kibiya ta taɓa su. Nan littafin ya yi kusa da adabin firgici na Turai, sai dai a wurin Mamani dodon ba ya cikin kurmi. Yana sanye da kakin soja. Tarihi ma ya mara masa baya, tun da a watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, sannan sojojinsu suka kashe shi da Chanoine.

Amma fa akwai inda littafin ya gaza. Wanda ya tashi kusa da ƴan bori ya san cewa iska abokiyar zama ce ta tsawon rai: tana da suna, da hali, da abin da take so a yanka mata, kuma tana fushi in an saɓa alkawari. Doguwa ba makami ba ce da za a zara ranar yaƙi a mayar kube. Mamani, ɗan gwagwarmayar siyasa, jaruma yake nema wa ƙasa, don haka ya fifita Sarauniya mai kwari da baka a kan Sarauniya mai kula da tsafi, wadda ita ce Lugu ta fi sani. Fim ɗin Med Hondo na 1986 ya ƙara kafa wannan siffa.

Duk da haka, littafi ne da ya cancanci karatu a tsanake. Ya mayar wa Azna martabar da aka daɗe ana hana su. Sai dai ya bar tambaya mai nauyi: Lugu ta sami marubucinta, to wa zai rubuta wa matattun Konni?