Zarto a Jikin Tsohuwar Mota: Nazari Kan Kwaskwarimar Motocin Gudu da Nadamar da Ke Biyo Baya

A shekarar 1963 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da sabuwar Corvette wadda ya laƙaba wa suna Sting Ray. Samfurin mai rufi ya zo da abin da ba a saba gani ba: gilashin bayansa a rabe yake gida biyu, wani siririn ginshiƙi ya sauko daga rufi ya ratsa tsakiyarsa. Bill Mitchell, shugaban sashen zanen motoci na General Motors, shi ne ya kafe sai an yi haka. Zora Arkus-Duntov kuwa, injiniyan da ke kula da motar, bai so ba, domin ginshiƙin yana tare wa direba gani in ya duba madubin tsakiya. Ƙorafi ya yi yawa, shekara na zagayowa aka cire shi, samfurin 1964 ya fito da gilashi falle ɗaya.

Nan da nan masu ta 1963 suka ga tasu ta zama tsohon yayi. Da yawansu suka kai ta gareji. Da yake jikin Corvette na fayiba ne, ba ƙarfe ba, aikin bai da wuya: a cire gilasan biyu, a sa zarto a yanke ginshiƙin, a goge bakin, a ɗora gilashin sabon samfuri, a fesa fenti. Mai mota ya koma gida yana jin ya shiga sahun masu sabuwa. To amma masu rabon gilashin nan guda 10,594 kacal aka ƙera, a shekara ɗaya tak. A yau wannan ginshiƙin da aka riƙa jefarwa a shara shi ne dalilin da ya sa ake rububin motar, farashinta ya zarce na ƙanwarta ta 1964 nesa ba kusa ba, kuma akwai masu biyan kuɗi mai yawa don a mayar musu da shi.

Wannan labari ya tattara kusan duk abin da ke cikin al'adar yi wa tsofaffin motocin gudu kwaskwarima a Turai da Amurka da Japan. Ba gyara ne ke jawo nadama ba, domin mota ba ta rayuwa sai da gyara. Abin da ke jawo ta shi ne haɗuwar abu biyu: a yi aiki don bin yayi, kuma a yi shi ta hanyar da ba a iya warwarewa. Yayi kan shuɗe cikin shekara goma, abin da zarto ya ci kuwa ya ci ke nan.

Motocin da aka yanka don su yi kama da wasu

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tarihin Ferrari ta Italiya. Tsakanin 1968 da 1973 kamfanin ya ƙera motar da ake kira Daytona: masu rufi 1,284, buɗaɗɗu marasa rufi 122 kawai. Da farashin buɗaɗɗun ya yi sama, sai garejoji suka shiga yanke wa masu rufin kai. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin rufi yana cikin abin da ke riƙe jikin mota. In an cire shi dole a bi ƙasa a ƙara ƙarafa da walda, in ba haka ba jikin ya riƙa murɗewa a kwana, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Bayan duk wannan wahala, motar ba ta zama ɗaya daga cikin 122 ɗin ba, domin lambar shasinta tana nan tana faɗar gaskiya, kuma ta fita daga sahun masu rufi na asali. Ta zama ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

Abin da ya sami 250 GTE ya fi wannan muni. Mota ce mai kujera huɗu da aka ƙera daga 1960 zuwa 1963, kusan guda 950. Ba ta da farin jini, amma tana ɗauke da injin silinda 12 mai lita uku, ɗan gida ɗaya da na shahararriyar 250 GTO, wadda guda 36 kaɗai aka yi, kuma aka sayar da ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 48.4 a 2018. Masu son kamannin GTO sai suka riƙa sayen GTE da arha, su sauke jikinta su yar, su yanke shasi su rage masa santimita 20 domin tazarar tayoyin gaba da na baya ta yi daidai da ta GTO, sannan su ɗora sabon jikin alminiyam. An kashe motar gaske don a haifi jabu. Yanzu da GTE ta yi ƙaranci, masu tara motoci sun gane kyanta, sai dai waɗanda aka yanka ba su dawowa.

Porsche: yayin da ya zagayo kansa

Tarihin Porsche 911 ta Jamus ya nuna yadda yayi ke wasa da hankalin masu mota. Samfuran farko, har zuwa na 1973, suna da dogon bonet da siririyar bamba. Daga 1974 dokar Amurka kan kariya daga karo ta sa aka ɗora musu manyan bambobi, sannan Turbo ta fito a 1975 da faɗin ƙugu da babban fiffike a baya. A shekarun 1980 duk mai tsohuwar 911 burinsa ta yi kama da Turbo. Aka riƙa cire siraran bambobi, a yanke modigat a faɗaɗa, wasu ma a kwantar musu da hanci a ɓoye fitilu.

Bayan shekara ashirin sai abin ya juya. Siffar farkon nan da aka guje ta ita ta zama abin so. Kamfanin Singer, wanda Rob Dickinson ya kafa a Kalifoniya a 2009, ya yi suna wajen ɗaukar samfurin 911 da ake kira 964, na 1989 zuwa 1994, ya sake gina shi da kamannin na farkon shekarun 1970. Wato jiya ana yi wa tsohuwa ado ta yi kama da sabuwa, yau ana yi wa sabuwa ado ta yi kama da tsohuwa. A duk zagayen biyu, motar da aka bari yadda kamfani ya fitar da ita ce take ƙara ƙaranci, ita ce kuma take ƙara daraja.

A Japan kuma akwai Akira Nakai na garejin RWB da ke Chiba. Yakan yi tafiya ƙasa-ƙasa zuwa wurin mai mota, ya ja layi a jikin modigat da ido, ya sa na'urar yanka ya zubar da ƙarfen, ya ɗora faffaɗan fayiba ya ɗaure da ƙusoshi a bayyane, jama'a na kewaye da shi suna ɗaukar hoto. Gwani ne, babu musu, kuma masoyansa suna ɗaukar aikinsa a matsayin fasaha mai zaman kanta. Amma Porsche ta daina ƙera injin da iska ke sanyayawa, irin na tsofaffin 911 ɗin nan, tun 1998. Duk wadda aka yanka an rage ta daga adadin da ba zai ƙaru ba har abada.

Me ake asara?

Abu na farko shi ne shaida. A jikin injin kowace irin wannan mota akwai lamba da aka buga da ƙarfe, haka a giya da shasi. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan zo da tocila, ya sunkuya ya goge maiƙo da tsumma, ya karanta lambar ya gwada da kundin kamfani. In sun dace, motar tana tare da zuciyar da aka haife ta da ita. In wani ya taɓa sauke injin ya ɗora mai ƙarfi, ya sayar da tsohon ko ya bari ya ruɓe a bayan gareji, to farashi ya faɗi. Mai sayen yakan kuma ɗora wata ƙaramar na'ura a jikin ƙofa mai auna kaurin fenti, wadda ke tona asirin duk inda aka cika da boti. Ferrari ta kafa sashen Classiche a 2006 don wannan bincike, inda take ba da takardar shaidar asali ga motar da ta cancanta. Shi ya sa masu harkar ke cewa asali ba a yin sa sau biyu.

Abu na biyu ya fi kuɗi zafi, shi ne halin motar. Waɗanda suka ƙera ta sun auna komai da komai: nauyin inji da faɗin taya da taushin sifirin da ƙarfin burki. Mai mota ya ƙara faɗin taya, sai sitiyarin da yake da sauƙi ya yi nauyi. Ya ƙara ƙarfin inji, sai giya da burki su gaza, dole su ma a canza. Ya sauke ta ƙasa ya taurara sifirin, sai kowane rami ya riƙa dukan ƙugunsa. Ya buɗe salansa, sai tafiyar awa ɗaya ta zama ciwon kai. Kowane gyara yana kiran wani. A ƙarshe yana da motar da ta fi gudu amma ba ya marmarin fita da ita, alhali abin da ya ja shi gare ta tun farko shi ne yadda take tafiya, da ƙarar injinta, da warin fatar kujerunta. Garin neman gira an rasa ido.

Gyaran da ya zama tarihi

Adalci ne a faɗi cewa wasu daga cikin manyan motocin duniya da kwaskwarima aka same su. A 1962 Carroll Shelby ya ɗauki AC Ace ta Ingila ya cusa mata injin Ford mai silinda takwas, aka sami Cobra. A wannan shekarar dai, da Enzo Ferrari ya ƙi sayar wa Giovanni Volpi motar GTO, sai Volpi ya sa injiniya Giotto Bizzarrini ya sake gina masa wata 250 GT ta 1961 da jiki mai yankakken baya, wadda aka yi wa laƙabi da motar burodi, ta kuma shiga tseren Le Mans. Ba wanda ke nadamar waɗannan.

Bambancin a fili yake. A lokacin motocin sababbi ne, ana kan ƙera su, ba a rage komai daga abin da ya rage ba. Kuma aikin yana da manufar da za a iya aunawa da agogo a filin tsere. Ba a yi shi don mota ta yi ƙaryar zama wata ba.

Inda ra'ayi ya karkata

Ƙungiyar FIVA, mai haɗa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na duniya, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Ruhinta shi ne a girmama abin da aka tarar, duk canjin da ya zama dole a yi shi yadda za a iya mayarwa, a kuma rubuta abin da aka yi. Kasuwa ma ta bi sahu. A 2015 aka sayar da wata Ferrari California ta 1961 a Paris kan Yuro miliyan 16.3, bayan an tsinto ta a rumfar iyalan Baillon a yammacin Faransa, tarin mujallu jibge a kanta. A 2024 kuma, karo na farko a tarihin gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, babbar kyauta ta tafi ga motar da ba a sabunta ba, wata Bugatti ta 1934 mai ƙujewar fenti da tsofaffin kujeru.

Duk da haka yayi bai mutu ba, riga ya sake. Na yanzu shi ne a sauke injin fetur a ɗora batura da injin lantarki. FIVA ta bayyana a 2019 cewa ba ta lissafa motar da aka yi wa haka cikin motocin tarihi. Hujjar masu yi tana da ƙarfi a kunne, kamar yadda hujjar masu yanke ginshiƙi da rufi ta kasance a zamaninsu.

Ba wai a kulle mota a ɗaki ba. Jaguar E-Type ta farkon shekarun 1960 an san ta da ɗaukar zafi da giya mai taurin kai, kuma masu ita da dama suna sa mata lagireton alminiyam da fankar lantarki da giya mai hawa biyar. Masu hankali a cikinsu sukan bi ƙa'ida mai sauƙi: abin da sifana ta kwance sifana za ta mayar, don haka ba walda, ba zarto, ba sabon rami a jiki. Duk abin da aka cire a shafa masa mai, a rubuta masa takarda, a ajiye, ranar sayarwa ya bi motar.

Mu ma wannan magana ta shafe mu. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970 ba motar tsere ba ce, kuma direban haya da ya sauya mata inji don ya ciyar da iyali bai yi laifi ba, larura ce. Amma wanda ya gaji mai lafiya a garejin mahaifinsa, da fentinta da kujerunta da takardunta, ya kamata ya san abin da ke hannunsa kafin ya kira mai walda. Motar da ta haura shekara arba'in ta ga masu ita da yawa, kuma in an kula da ita za ta ga wasu. Kowane ɗayansu yana da haƙƙin ya more ta, ya gyara abin da ya lalace. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya yanke wa na bayansa hukuncin da ba za su iya sokewa ba.