Ma'aunin tsohon faifai: yana da ido, ba ya da kunne

Ya kai mai karatu na Kiyeshe da kewaye, ko akwai tsohon faifan garmaho cikin adakar mahaifinka? Kada ka yi gaggawar saida shi. Tsaya ka ji yadda masu saye suke auna shi tukuna.

Kamar yadda hatsi yake da tiya, haka tsohon faifai yake da nasa ma'auni. Wanda aka fi bi a duniya shi ne na Goldmine, wata mujalla ta ƙasar Amurka. Da shi ake ciniki a Discogs, babbar kasuwar faya-fayai ta intanet, inda aka kasa shi matakai 8. Na sama shi ne faifan da bai da ko ƙwarzane. Na tsakiya yana da ɗan ƙaraf-ƙaraf, amma waƙa tana fita sarai. Na ƙasa shi ne wanda ya tsage ko ya lanƙwashe, allura tana tsalle a kansa. Kwalinsa ma ana auna shi dabam.

Mu fara da yabo. Wannan ma'auni yana hana cuta. Mai cewa "kamar sabo yake" bai faɗi kome ba. Amma in ya ambaci mataki, ya ɗaure kansa da maganarsa. Kai ma ka koyi haka. Ka duba faifai cikin haske, ka saurare shi gaba da baya, ka faɗi aibinsa kamar yadda mai gaskiya yake faɗin aibin ragonsa.

To, ga inda ma'aunin ya gaza. An tsara shi don ƙasashen da ake buga waƙa ɗaya dubbai, in wannan faifai ya lalace a nemi wani. Mu nan Arewa ƙurar hunturu tana shiga layukan faifai, zafin bazara yana lanƙwasa shi. Da wuya namu ya hau matakin sama. Sai mai saye ya ce: "Na ƙasa ne, karɓi jikka guda." Ya faɗi gaskiya kan jikin faifai, amma ya yi shiru kan abin da ke ciki.

Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ba su sake shiga ɗakin ɗaukar murya. Ka dubi kuma labarin Mamman Sani. Kiɗansa na 1978 ya fito a kaset kaɗan. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tarar da guda a gidan tarihi na Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya buga shi a faifai a 2013, duniya ta ji. Da an yar da kaset ɗin nan don tsufa fa?

Saboda haka tambaya biyu ce, ba ɗaya ba. Yaya lafiyar faifan? Kuma nawa irinsa suka rage? Goldmine ta farko kaɗai yake amsawa.

Kafin ka yanke shawara, ka goge shi da ƙyalle mai laushi, ka jingine shi tsaye cikin inuwa. Ka rubuta sunan mawaƙi da lambar da ke jikinsa, tun da yanzu ka iya rubutu. Ka ɗauki muryar a salula don jikokinka. Sannan in za ka saida, ka saida da saninka.