Wankan Sauti: Na Yarda Da Hutun, Ban Yarda Da Tallar Ba

A Los Angeles da New York da Landan, yanzu akwai sana'ar da jarinta bai wuce ɗaki mai shiru da shimfiɗu da kwanukan ƙarfe ba. Mutum zai biya kuɗi, ya tuɓe takalmi, ya kashe waya, ya miƙe a ƙasa ya ja bargo. Sai mai sana'ar ya ɗauki guntun icce da aka naɗe da fata ya riƙa zagaya bakin kwano a hankali, har amo ya tashi ya cika ɗakin, wani dogon gunji da ba ya gaggawar ƙarewa. Jefi-jefi kuma ya bugi ƙaton faifan tagulla da ke rataye. Haka za a yi ta yi kusan awa guda. Wannan ne ake kira wankan sauti, kuma tuni ya tsallaka daga ɗakunan yoga zuwa manyan otal-otal, har kamfanoni na gayyatar masu yin sa don su sauke wa ma'aikata gajiya.

Duk wanda ya ce ya tashi daga wurin jikinsa sakayau, ba na musu da shi. Abin da ke damuna shi ne maganganun da ake jibga wa abin don ya yi tsada.

Na farko tarihi. Kusan ko'ina za ka ji ana kiran kwanukan nan na Tibet, wai malaman addinin Buda sun yi dubban shekaru suna warkar da cututtuka da su a saman duwatsu. Amma akasarinsu a Nepal da arewacin Indiya ake ƙera su, kuma masu bin diddigi ba su sami shaidar cewa an taɓa yin wannan kiɗan goge bakin kwano a wuraren ibadar Tibet na dā ba. Irin waɗannan kwanuka na cin abinci ne da awon hatsi. Sunan ya kama ne a ƙasashen Yamma a farkon shekarun 1970, lokacin da matasan Turai da Amurka ke tururuwa zuwa Kathmandu, musamman bayan faifan da Henry Wolff da Nancy Hennings suka fitar a 1972 mai suna Tibetan Bells. 'Yan Tibet da kansu sun sha fitowa suna cewa ba su san wannan al'ada a gidajen iyayensu ba. Ana kuma cewa ƙarafa bakwai ake haɗawa, kowanne da tauraronsa. Da aka gwada a ɗakin bincike, jan ƙarfe ne da kuza suka fi yawa, haɗin da ake yin ƙararrawa da shi. Su kuwa fararen kwanukan nan masu kama da gilas, waɗanda suka fi ɗaukar ido a Instagram, asalinsu tukwane ne da masana'antun kayan kwamfuta ke narka silikon a ciki.

Wurin da ya fi suna a harkar ma labarinsa abin dariya ne. A hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya akwai wata farar ƙubba ta katako da ake kira Integratron. Wani tsohon ma'aikacin jiragen sama, George Van Tassel, ya fara gina ta a shekarun 1950, yana cewa baƙi daga duniyar Zahra ne suka ba shi tsarin, kuma idan ta kammala za ta mayar da tsoho yaro. Ya mutu a 1978 bai mayar da kowa ba. Yau mutane na kama gurbi tun da wuri don su kwanta a cikinta su saurari kwanuka. Ginin kam yana da amo mai daɗi, wannan aikin kafinta ne da siffar ƙubba.

To me masu bincike suka gano? Aikin da aka fi ambata shi ne na Tamara Goldsby da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, wanda ya fito a 2017. Mutum 62 suka halarta, kuma bayan zaman sun ce damuwa da fushi da gajiya sun ragu. Sai dai babu rukuni na biyu da aka kwantar ba tare da kwano ba, balle a gane ko amon ne ya yi aiki ko kwanciyar. Akwai wani ƙaramin gwaji na 2014 da mutum 51, inda aka gwada minti 12 na kwano da minti 12 na shiru, kuma bugun zuciya da hawan jini sun ɗan fi sauka da kwanon. Madalla. A 2020 masana biyu a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya suka tattara duk abin da aka wallafa, suka sami bincike huɗu kacal da suka cika sharaɗi, suka ce da sauran aiki. Iyakar abin da ke hannu ke nan: alamar natsuwa ta ɗan lokaci.

Yanzu a kwatanta wannan da abin da ake rubutawa a takardun talla. Wai sautin da ke kaɗawa sau 528 a daƙiƙa yana gyara ƙwayoyin halitta. Wai na 432 shi ne ya dace da tsarin sararin samaniya, na 440 da makaɗa ke daidaita kayan kiɗa da shi kuma makirci ne. Ita daƙiƙar da ake ƙirga waɗannan lambobi da ita, ai mutane ne suka yanka ta. Da an yanka ta da wani tsawon, da lambar ta canja. Wasu ma har sankara da rashin haihuwa suke jerowa cikin cututtukan da wai sautin ke warkarwa. Da na ga irin wannan jeri sai in tuna mai magani a bakin tasha da lasifikarsa, wanda ƙulli ɗaya ke maganin basir da shawara da sanyi da hawan jini. Bambancin kawai, mai kwanon yana da turare da farin kaya. Mai lafiya da ya biya ya huta bai yi asarar komai ba sai kuɗinsa. Mai ciwon suga da aka ce masa amo zai daidaita jikinsa har ya fara wasa da maganinsa, shi ne abin tsoro.

Abin haushin shi ne sauti na da gurbi na gaskiya a aikin lafiya, ba ya bukatar a yi masa ƙarya. A birnin Edirne na Turkiyya, asibitin da Sarki Bayezid na Biyu ya gina, wanda aka kammala a 1488, yana jinyar masu taɓin hankali da kiɗa da ƙarar zubar ruwa da ƙamshi, tare da magani. A Amurka, jinya da kiɗa ta zama fannin karatu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka lura da yadda sojojin da suka dawo da rauni ke samun sauƙi idan aka yi musu kiɗa. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digirinsa a 1944. A 2015 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga nazarin gwaje-gwaje 73 da suka shafi marasa lafiya kusan 7,000 da aka yi wa tiyata. Waɗanda aka sa wa kiɗa sun fi samun sauƙin raɗaɗi da fargaba, kuma sun rage bukatar maganin kashe zafi. Abin da ya fi jan hankalina a nazarin shi ne irin kiɗan bai kawo wani babban bambanci ba. Ke nan sirrin ba a cikin wani kwano na musamman yake ba. Idan kuwa ana maganar sautin da ke taɓa naman jiki kai tsaye, akwai shi: tun 1980 a birnin Munich aka fara farfasa tsakuwar ƙoda da igiyoyin sauti masu ƙarfi ba tare da an tsaga mutum ba. Amma wannan injiniyoyi ne suka auna shi, likita ne ke saita shi, ba ruwansa da kwano.

Akwai kuma gefen da masu tallar ba sa waiwaya. Hujja mafi ƙarfi a kan tasirin sauti ga lafiya tana wajen cutarwa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa hayaniyar ababen hawa na cinye aƙalla shekaru miliyan ɗaya na ƙoshin lafiya duk shekara a yammacin Turai, ta hanyar hana barci da ciwon zuciya. Can ke nan, inda ake cin tarar mai matsa oda ba dalili. A nan gida kuwa, wanda ke kwana da janareton maƙwabci a gindin tagarsa, ya wayi gari da injin niƙa, ya yini a cikin odar 'yan adaidaita, shi ya fi kowa bukatar wannan awa gudan, kuma ba shi ne ke da kuɗin tikitin ba. Najeriya na da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Duk wanda ya taɓa kwana a layin da aka kafa lasifikar biki har ƙarfe biyu na dare ya san iya inda aikinsu ya tsaya.